Abin da Ya Rage na Yaya Chizuru

Hatsue: Halo? Shunpei? Dakta Hatsue ce, daga ɗakin binciken marigayiya yayarka.

Shunpei: A'a, Malama! Barka da rana. Ya aiki? Ya sanyin Sendai?

Hatsue: Da sauƙi. Ya ƙarin haƙuri? Ya Mama?

Shunpei: Tana nan. Kullum sai ta ajiye shinkafa gaban hoton Yaya Chizuru, ta yi mata faɗa wai ta rame.

Hatsue: Wayyo. Wace ƙara ce haka?

Shunpei: Injin jirgin ruwa ne, kawar teku muka fito ɗebowa. Ɗaga murya!

Hatsue: Na ce za a kwashe firizarmu. Akwai ƙwayoyin halittar fatar Chizuru a ciki. Daga hannunta ta ba da su, don bincike. Sai da izininku za mu ajiye ko mu zubar.

Shunpei: Tsaya. Ni da Mama muka tsince ƙasusuwanta da tsinke bayan an ƙona gawarta, har na yatsun ƙafa. Ashe da saura?

Hatsue: Da saura. In an ɗumama su, suna farfaɗowa.

Shunpei: Su ne masu walƙiyar nan? Ta taɓa nuna min a wayarta, na ce mata tallar fitila ce. Ta ce, "Kai dai kanka kamar na kifi."

Hatsue: Su ne. In mun ɗiga musu ruwan saƙo, ya taɓa bangon ƙwaya, sai wani ɗan sinadari, inositol, ya ɓalle ya ruga rumbun kalsiyam ya buɗe. Kalsiyam ya malalo, rinin da muka sa ya yi kore.

Shunpei: Sannan ya janye, ya sake dawowa, kamar ruwan teku a gaɓarmu. Na riƙe wannan.

Hatsue: Ƙanena, ba ita ba ce fa. Fata ce kawai.

Shunpei: Na sani. In Mama ta ji, cewa za ta yi a kai su kabarin gidanmu, kada rabin Yaya ya kwana a waje.

Hatsue: Kai fa?

Shunpei: Ni tun lokacin kaka nake kiran lambarta, ba a ɗauka. Ke kuma kin ce akwai inda in an ƙwanƙwasa ana amsawa.

Hatsue: Shunpei...

Shunpei: Kar ki zubar. Kar ki kira Mama tukuna. Zan hau jirgin ƙasa gobe. In na zo, ki bari ni zan ɗiga saƙon da hannuna, ko da sau... Malama? Halo? Kin ji na ce kar ki...