Minti Goma Sha Huɗu a Sama

A layin sabuwar kujerar igiya mai ɗaga masu zamiyar ƙanƙara zuwa kan dutse, wata safiyar Yuli, tsakiyar hunturu a ƙasar, wani dattijo da ke gabanmu sai tsaki yake yi. Matar da ke bayansa ta kasa haƙuri.

"Baba, me ta yi maka? Minti huɗu kana sama, ga mazauni da ɗumi, ga murfin tare iska."

"Ai laifinta ke nan. Tsohuwar kujerar mutum biyu take ɗauka, minti goma sha huɗu cur."

"Na san ta sarai. Kafin ka kai, hancinka ya daskare."

"Sanyin ne amfaninta! 'Yata Narelle sau ɗaya take zuwa daga birnin Perth a shekara. A tsohuwar ba ta iya cire safar hannu ta taɓa waya, ba kuma wurin sauka. Dole ta yi hira da ubanta. A can na ji za ta yi aure, a can na ji an fasa."

"To, bana fa?"

"Jiya muka hau da baƙi huɗu. Ta raɗa min, 'Baba, akwai magana,' sai ga mu mun iso."

"Ash! Ai da sauran tsohuwar kujera ɗaya a bayan dutsen, ba mai hawanta. Har tsayawa take yi a tsakiya."

"Tana daɗewa?"

"Bara rabin awa na yi ina lilo."

Dattijon ya fice yana ƙwala kira: "Narelle! Taho, layin nan ya cika tsawo!"

Ko mutum goma ba mu kai ba a layin.