Shahata da Likitan Soja

A asibitin tsofaffin sojoji na Iskandariyya na ji su, muna zaune a benci ɗaya: wani dattijo mai tari, da wata hajiya da ta rako mijinta.

"Sannu, Alhaji. Wannan tari ai na jirgin ruwa ne. Irinsa maigidana ke fama da shi a gida."

"A ɗakin injin na yi aiki, Hajiya. Mu ke kwance bawul ɗin tururi, mu ɓare rufinsa na asbestos, mai farar ƙurar nan da ke cin huhu, da hannu, mu fito fari fat kamar 'yan gidan burodi."

"To sun ba ka kuɗin nakasa?"

"Sau biyu suna hana ni. In suka hana yau, an rufe maganar."

"Me kake gaya wa likitan?"

"Yakan ce yaya jiki, in ce alhamdulillahi."

"Shi ke nan?"

"To kanar ne fa! Ƙamewa nake yi, in danne tarin har in fito."

"Kai jama'a! Mu ka cika mana kunne tun safe, shi da zai sa hannu ka ɓoye masa? Nawa ma haka ya yi, sai da na shiga na tona masa asiri. Ina matar taka?"

"Ita ke kakkaɓe min ƙurar kayan aiki kafin ta wanke. Ta riga ni, bara."

"Allah ya jiƙanta," in ji hajiyar a hankali.

Aka kira Shahata Abdulmaula. Dattijon ya miƙe yana gyara wuyan riga. Ita ma ta miƙe, ta ɗora wa mijinta jakarta a cinya.

"Mu je, Alhaji. Ka ƙame abinka, ni zan yi magana."