Mabuɗin Famfo

A tashar Madawa, ana jiran mota ta cika, wata mata ta dubi mabuɗin da ke rataye a wuyan wani dattijo.

"Baba, na shago ne?"

"Na famfon garinmu ne, ɗiyata. Da, sai maigari ya tashi barci muke samun ruwa. Munka taru, munka ce ruwa na kowa ne, mabuɗi shi riƙa kewayawa gida-gida. Wanga sati nawa ne!"

"Madalla. To kana nan, wa ya buɗe musu yau?"

Dattijon ya shafa mabuɗin, ya yi dariya.

"Ai mata sun ɓalle kwaɗon tun bara. Mabuɗin dai sunka bar muna, mu riƙa ratayawa."