Allura a Babban Yatsana

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetona. Sunana Bitrus. Ku dubi wannan babban yatsan nawa na dama da ba shi da farce, labarinsa zan ba ku.

Shekara uku na yi ina ɗinki a Madina, a wata warsha, wato shagon aiki, can bayan dutsen Uhudu, a wajen iyakar Harami. Ba ɗinkin riga ba ne, tamfol da tanti muke yi. Keken da nake kai dogon hannu gare shi, wilin da ake juyawa yana can nesa daga dama, allurarsa kuma kamar ƙusa. Idan ka kashe masa wuta, injin ba ya tsayawa nan take, yana ta juyawa a ƙasa. Ka taɓa feda, allura ta sauko.

Ba zan ɓoye muku ba, ƙwaya nake sha. Bayana ke ciwo saboda jan tamfol, wani ya ba ni guda ɗaya, daga nan na zama bawanta. Matata Rifkatu tana nan gida tana yi mini addu'a, ni kuwa ina can ina haɗiya kamar gyaɗa. Kunya!

In an kira salla, abokan aikina sukan ja ƙofar ƙarfe su tafi masallaci. Ni kaɗai ne Kirista, sai in zauna ciki in ci gaba, wai ni mai ƙwazo. Baba Usman, dattijon da ke kula da mu, haifaffen Madina ne, kakanninsa daga Kano suka zo. Ya sha ce mini, "Ya waladi, ɗana, wannan keke ba a zama da shi mutum ɗaya." Ban ji ba.

Ranar nan da la'asar na sha ƙwaya biyu, kaina yana yawo. Zare ya tsinke a tsakiyar tamfol ninki huɗu. Na kashe wuta, na sa hannu zan zura zare, ƙafata tana kan feda ban sani ba.

Ƙas! Allura ta shiga ta farce, ta fita ta ƙasa, ta ɗinke ni da tamfol.

Sai tamfol ɗin ya fara zamewa daga tebur. Ya fi buhun masara nauyi. In ya faɗi, zai karya allurar ya tsage mini yatsa, kuma maɗinki ba babban yatsa ya gama aiki. Na cafke shi da hagu. Dama a soke, hagu a riƙe, wili ya yi mini nisa. Na yi ihu, ba kowa, ƙofa a rufe.

Gumi yana shiga idona. Ina jin tamfol yana suɓucewa kaɗan-kaɗan, allura tana lanƙwasa a cikin namana.

A nan na yi kuka kamar yaro. Na ce, "Yesu, na san ni na jawo. Ba ni da bakin roƙo, amma ka bar mini hannun nan. Ka raba ni da abin da ke aljihuna!"

Ban rufe baki ba na ji ƙarar ƙofa. Baba Usman ne, ya riga kowa dawowa.

"La ilaha illallah! Kada ka motsa, ɗana, sabur, yi haƙuri!"

Ya tokare tamfol da gwiwa, ya miƙa hannu ya juya wili a hankali har allura ta fito ɗungum, ba ta karye ba. Yana ɗaure mini yatsa ya dubi idona ya ce, "Kai, me ka sha?"

Na ciro ledar ƙwayar daga aljihuna na ba shi. Da ya kai ƙara, da kurkuku ce. Ya zuba su a bayan gida, ya ce, "Halas, an gama. Ina idar da salla hankalina ya ƙi kwanciya, na kasa zama. Allah bai gama da kai ba."

Mako biyu na yi ina makyarkyata da amai, ina kiran sunan Yesu. Tun daga ranar ban sake sa ƙwaya a bakina ba. Haleluya!

Ɗan'uwa, in akwai abin da kake ɓoyewa a aljihu, kada ka jira allura. Kira Ubangiji yau, yana ji ko ƙofa a rufe take.

Yanzu ku ɗaga kai ku dubi rumfar da muke zaune a ƙarƙashinta. Wannan yatsan ne ya ɗinka ta. Godiya ta tabbata ga Allah. Amin!