Masu Ɗinkin Tsoka

A bencin jiran likita, wata mata ta dubi siraran hannayen ɗan dakon da ke gefenta.

"Malam, ka riƙa motsa jiki. Zama ne ke cinye tsoka."

"Baiwar Allah, buhu nawa na ɗauka a duniya? Likita ya ce akwai wasu ƙwayoyin halitta cikin tsoka, in ta yage su farka su ɗinke ta. Nawa sun gaji. In na matsa wa jikina yagewa yake yi, babu mai ɗinki."

Matar ta dubi ƙofar ɗakin likita.

"Maigidana na ciki, ciwonku ɗaya. Shekara biyu ina tilasta masa hawa bene, ina kiransa rago."

"Yana hawa?"

"Yana hawa. Yana kuka, yana hawa."