Ranar da Na Sake Riƙe Aska

Mai girma shugaban wannan taro, likitoci da ma'aikatan jinya na wannan asibiti, malamaina, iyayena mata da suka cika kujerun gaba, abokan sana'ata masu aski da na hango can baya suna dariya tun ban fara ba, da sauran jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga waɗanda suka buɗe mana wannan ɗaki na ba da shawara kan lafiyar tunani, ina kuma jinjina wa ƙarfin halinsu da suka miƙa wa mai aski lasifika, alhali sun san ba ma gajiya da surutu.

Abu na farko da zan faɗa muku shi ne, ciwon waswasi ba ya sallama. Ni a shago ya same ni, aska a hannuna, wuyan mutum a gabana cike da kumfa. Sai wani tunani ya faɗo mini: in ka yanka shi fa? Na nemi tsari, na ƙarasa aikina. Washegari ya dawo, bayan nan kuma ya tare gaba ɗaya. Ni da ko kaza ban iya yankawa ba, na wayi gari ina tsoron hannuna, har na rufe shago. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi ni nake yi masa aski, ya kuma rantse babu hannun da zai taɓa fuskarsa sai nawa. Gemu ya rufe masa fuska, yana kallona, ni ina kallon ƙasa.

Abu na biyu, iyayena mata ku saurara da kyau, ƙauna ma tana iya ciyar da wannan ciwo. Da na gaya wa maiɗakina, sai ta tattara wuƙaƙe da almakashi ta kai maƙwabta, har albasa a can ake yanka mana. Kullum ina tambayarta ko ta tabbata ba zan cutar da kowa ba, ita kuma ta rantse mini. Hankalina ya kwanta, kafin shayi ya huce na sake tambaya. Ta gaji, na gaji, ciwo kuwa sai ƙiba yake yi.

Abu na uku shi ne inda na samu mafita. Yayata ce ta jawo ni wurin likitar lafiyar tunani, ina tafe ina jiran a kira mini 'yan sanda. Na zayyana wa likitar komai, ko kujerarta ba ta ja baya ba. Ta ce ciwon yana da suna, ta ga masu shi da yawa, kuma tunanin da yake firgita mutum haka ba burinsa ba ne. Sannan ta umarci maiɗakina ta dawo da wuƙaƙen gida, ta kuma daina amsa mini waccan tambaya. Maiɗakina ta ce, "Likita, so kike in zama marar tausayi?" Likita ta ce tausayin ke nan.

Muka fara da kallon aska a kan tebur. Daga kallo sai riƙewa, daga riƙewa sai wani ma'aikacin jinya mai gemu, ga shi can zaune, ya miƙa mini wuyansa. Na ɗora masa aska, na ce tunanin ya zo. Likita ta ce, "Ƙyale shi ya zauna, kai dai ci gaba da aikinka." Ba a rana ɗaya aka yi ba, watanni muka ɗauka, akwai ma lokacin da na gudu, Yaya ta sake dawo da ni. Amma na ga tsoro yana tashi yana kuma sauka da kansa, ba tare da kowa ya rantse mini ba.

Wata safiya na shiga ɗakin Baba da ruwan ɗumi da sabulu. Na tallafi haɓarsa, na ɗora aska a wuyansa, tunanin ya zo, na bar shi ya zauna. Da na gama na miƙa masa madubi. Ya daɗe yana duba fuskar da ya kwana biyu bai gani ba, sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ƙasan kunne ya ce, "Ka bar wani wuri nan." Jama'a, ban taɓa jin daɗin a kushe aikina ba sai ranar.

Saboda haka ina kira gare ku. Mai wanke hannu har fata ta tsage, ga ƙofa a buɗe. Mai komawa duba makulli har ya makara wurin aiki, ga ƙofa a buɗe. Mai tsoron taro, mai tsoron hawa bene, mai ɗauke da tunanin da yake jin kunyar faɗa wa kowa, ku zo ku faɗa a nan, babu wanda zai ja kujerarsa baya. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, ciwo ne, kuma ana samun sauƙinsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa likitocinmu da alheri, ya ƙara wa iyalanmu haƙuri, ya sa albarka a wannan ɗaki, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.