Sunan da Aka Daina Kira

A ɗakin jiran jirgi, wata dattijuwa ta buɗe ƙaton littafi a cinya tana jan layi a ciki da biro. Matar da ke gefenta ta yi ta satar kallonta, har ta kasa haƙuri.

"Hajiya, aikin jika ake dubawa?"

"Nawa ne, 'yar nan. Hutu ya ƙare, ƙasar waje zan koma makaranta. Shekara talatin ina karɓar haihuwa, sai da furfura ta fito na tafi neman digiri."

"Ikon Allah. Sanyin can bai dame ki ba?"

"Sanyi mai sauƙi ne, riga ake ƙarawa. Ranar farko malaminmu, yaron da ko autana ya girme shi, ya kira sunana gatsal a gaban aji. Ba Hajiya, ba Mama. Har waiwayawa na yi ina neman wadda ake kira."

"Wannan ai rashin kunya ne. Ba ki tsawata masa ba?"

"Na yi niyya. Na koma ɗaki ina huci, sai tunani ya zo mini. A asibiti Sista ce ni, a gida Mama, maigidan ma uwar yara yake ce mini. Tun rasuwar mahaifiyata ba wanda ya ƙara kirana da sunan nan."

Matar ta jinjina kai. Can ta ce, "To yanzu fa?"

Dattijuwar ta gyara tabarau tana murmushi.

"Yanzu a layin gaba nake zama. Ko ban san amsa ba sai na ɗaga hannu, don dai ya sake kira."